Jiragen yaƙi na farko da mutanen da suka hau su

A ina aka fara kai jirgin sama fagen daga?

A Libiya, shekara takwas kacal bayan 'yan'uwan Wright sun fara tashi da jirgin sama mai inji a 1903. A yaƙin Italiya da Daular Usmaniyya, ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani matuƙi ɗan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefa ƙananan bama-bamai huɗu da hannunsa a kan Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus.

Da me ake ƙera su?

Katako ne da waya, aka lulluɓe da ƙyalle aka shafa masa sinadari ya ɗame. Mazaunin matuƙi a buɗe yake, sanyi da iska suna dukan fuska. Wasu injinan da man zurma ake shafe su, suna feso shi a kan mutum har ya haɗiya. Wuta kuwa in ta kama, shi ke nan.

Harbin juna suka fita yi?

A'a, leƙen asiri ne aikin farko, kuma a ganina shi ne babba har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum biyu ne a ciki, matuƙi da mai leƙe. Mai leƙen ke ɗaukar hoton ramukan abokan gaba, ya nuna wa masu igwa inda harsashinsu ya faɗa. Duniya ta san matuƙi Richthofen na Jamus da jirage 80 da ya kakkaɓo, ta manta da waɗannan bayin Allah da ya riƙa farauta.

To yaya ake harbi ta gaba ba a karya farfela ba?

A 1915 Roland Garros na Faransa ya ɗaura wa farfelarsa ƙarafa don harsashi ya goce. Da jirginsa ya faɗa hannun Jamusawa, kamfanin Fokker ya fito da na'urar da ke daidaita bindiga da juyin farfela, harsashi ya wuce ta tsakani.

Suna da laimar dirowa?

Nan ne abin tausayin. Birtaniya ba ta ba matuƙanta ba har yaƙin ya ƙare, alhali masu leƙe daga balan-balan suna da ita. Jamus ma sai a 1918 ta fara rabawa. A Afrilun 1917 kaɗai Birtaniya ta rasa jirage 245, da yawa a hannun samarin da ko gama saba wa sama ba su yi ba.

Irin waɗannan jirage sun zo ƙasar Hausa?

Sun zo. Jirage uku da suka sauka Kano daga Masar a Nuwamba 1925 samfurin DH.9A ne, ƙirar ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma jagoransu Arthur Coningham a wancan yaƙin ya yi suna.