Dan Allah ku daina danne musu hannu

Satin nan kaɗai sau uku ina ganin abu ɗaya a ɗakin gashin ƙashi na asibiti. An kawo wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, ɓarin dama ya saki, magana ta ƙi fita, yana ɗaga hannun hagu yana kaiwa baki kamar mai riƙe da kofi, sai ɗansa ya danne hannun wai "Baba ka bar wannan, buɗe baki ka faɗa." Haba jama'a! Ruwa fa yake nema. Na ga idon tsohon nan ya ciko, wallahi har yanzu abin na raina.

Wajen mutum ɗaya cikin uku da suka samu wannan ciwo maganarsu na taɓuwa, galibi idan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya samu matsala. Hankalinsu na nan, ba hauka bane ba kuma aljanu ba, kalmar ce take maƙalewa. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya rubuta labarin majinyacinsa da "tan" kawai yake iya furtawa, amma da aka tambaye shi shekara nawa ya yi a asibitin sai ya nuna 21 da yatsu. To shi ma da danne masa hannu aka yi wa zai san yana ganewa?

Na san tausayi ne da tsoron kar ya saba da nuni ya ƙi magana, na kuma san jinya da gajiya, Allah ya ba ku lada. Amma nunin nan baya hana magana dawowa, wani ma yana cikin kwatantawa da hannu zaka ji kalmar ta faɗo. Ku kuwa kun danne hannun, kun tsare shi da ido, wasu har da tsawa kamar yaron goye, mutumin da ya haife ku!

Ku zauna inda zai ga fuskarku, a kashe rediyo. Tambaya ɗaya, mai amsar eh ko a'a, sai ku jira, kar ku ƙarasa masa. Ku ajiye kofi, buta, carbi kusa ya nuna, ku ma ku riƙa nunawa da hannu. In kun gane ku faɗi kalmar a hankali, "ruwa, Baba?" Maganin hawan jini kar a tsallake, ranar gashi a kawo shi, hannun nan kuma a sakar masa.