Kwastoma

Kwastoma shi ne duk wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi kaya ko ya biya aka yi masa wani aiki, ko mutum ɗaya ne ko kamfani ko ma gwamnati. A bakin 'yan kasuwar Kaduna dai in ka ji an ce wane kwastomana ne, to wanda ya saba zuwa ake nufi, ba wanda ya taya ya wuce ba. Kuma ba dole mai biya ya zama shi zai mori kayan ba, uba ne zai shiga Kasuwar Barci ya yanko yadin sallah amma yara ne za su saka.

Akwai 'yan sari masu ɗaukan kaya da yawa su je su sayar, akwai masu sayen ɗaiɗai, waɗannan su suka fi yawa kuma su suka fi ja-in-ja wajen ciniki.

Dalilin da ya sa kasuwanci baya yiwuwa sai da kwastoma a fili yake, kaya in suna jibge a shago jari ne a kwance, kuɗin haya da na wuta da sallamar yaran shago duk daga aljihun mai saye suke fitowa, riba kuwa sai uwar kuɗi ta dawo tukuna ake maganarta. Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ta ga haka. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, ma'aikata suka watse, sai ga masu abinci da masu shaguna da masu gidajen haya sun shiga wani hali alhali su ba a masaƙa suke aiki ba, kwastomominsu ne suka tafi.

Shi yasa ɗan kasuwa mai wayo ke lallaɓa wanda ya saba da shi, a yi masa ragi, mai awo ta ƙara masa gyara, har bashi a ba shi zuwa ƙarshen wata, duk da wannan bashin ya karya shaguna ba adadi wallahi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 masu karɓar taransfa su suka kwashe ciniki.

Ta fuskar doka, hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ita ce ke karɓar ƙorafin masu saye a Najeriya, kan jabun kaya ko algus ko yaudara a farashi.