Zama a wata jiha, aiki a wata: haraji biyu ake biya a Amurka?

An daɗe ana cewa a Amurka mai zama a wata jiha yana aiki a wata, haraji biyu yake biya. Ba a ga laifin masu faɗa ba, tunda takardar bayanin haraji biyu ake cikewa, amma galibi ba sau biyu ake biya ba. Mazaunin New Jersey mai aiki a New York yakan fara cike ta New York, sannan ta gida, inda ake rage masa abin da ya biya can. Tsakanin New Jersey da Pennsylvania kuwa akwai yarjejeniya: harajin albashi jihar da kake zaune ke karɓa. Duba takardar W-2, wadda wurin aikinka ke ba ka duk shekara mai nuna albashinka da harajin da aka cire, gurbi na 15 zuwa 17, za ka ga jihar da aka cire wa kuɗin. A tura wa 'yan'uwa da ke can.