Waiwaye: Yadda Kano ta rasa motar layi tun kafin a fara batun jirgi

Tun da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a tsakiyar 2023, muhawarar sufurin Kano ta sake zafi. Wasu na son jirgin ƙasa na cikin gari, irin wanda aka sanar da shirinsa a 2016 da layuka masu haɗuwa a mahaɗar Bata. Wasu sun ce a fara da manyan bas. Akasarin masu magana kuwa adaidaita sahu suke ɗora wa cunkoson, alhali shi ya zo ne ya tarar.

Farkon labarin sananne ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gari ya ɓalle daga ganuwa, ya bi titunan Zariya, Katsina, Haɗeja da Gwarzo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni mutum kusan miliyan 2.8. Adaidaita sahu ya shigo wajen 2005 don jigilar mata, ya mamaye titi bayan hana acaɓa a Janairun 2013.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986, shekarar da aka fara gwanjon kuɗin waje. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Kafin ƙarshen 1986 dala ɗaya ta haura naira 3, zuwa 1993 ta kai wajen 22 a farashin hukuma. Babbar bas da dala ake sayenta, haka tayarta, injinta da giyarta, amma fasinja da naira yake biya, kuma ba a iya ninka masa kuɗin mota yadda canji ke ninkuwa. Abin da mai mota ya fara sadaukarwa shi ne kason da ake warewa kullum don sayen wata idan wannan ta tsufa. Ba a ganin illar a shekarar farko. Sai bayan shekara biyar ko shida, mota ta kwanta, babu kuɗin magajiyarta. Daga nan jari ya riƙa gangarowa zuwa abin da mutum ɗaya zai iya saya: ƙaramar bas 'yar Kwatano, sai babur, sai keke mai ƙafa uku.

Tare da wannan gangara tsarin balas ya kafu. Direba zai kai wa mai abin hawa kuɗi ƙayyadadde kowace rana, ya sha mai daga aljihunsa, abin da ya rage nasa ne. Wanda ke kan balas ba zai bar tasha da rabin kujeru ba don wai lokaci ya yi. Zai jira ta cika, ya tsaya duk inda aka ɗaga hannu, in shata ta samu ya bar layin gaba ɗaya. Ba rashin tarbiyya ba ne, lissafi ne. A tsaya a Kurna da hantsi a gani: keke biyar sun yi cirko-cirko a bakin titi kan mace ɗaya mai kaya, kowa na tambayar “Hajiya ina zuwa?”, layin da ke bayansu ya tsaya cak. Abin da gari ya rasa a shekarun nan shi ne layi tsayayye, tasha sananniya da lokacin tashi, kuma a kan waɗannan ukun ake gina jirgi.

A ɗauki misali da titin da ke kwaso mutum 6,000 a awa guda zuwa cikin gari. Keke mai ɗaukar huɗu zai yi sawu 1,500. Bas mai tsawon mita 12 da ke ɗaukar 80, na zaune da na tsaye, sawu 75. Jirgi mai cin 300 kuwa sawu 20, wato ɗaya duk minti uku. A takarda jirgi ya yi nasara. Sai dai mutum 6,000 ɗin ba a bakin tasha suke kwana ba. Mai tafiya a ƙasa da wuya ya wuce mita 500 zuwa 800, musamman a zafin Afrilu, don haka na cikin Bachirawa ko Rijiyar Zaki sai an kawo shi. In zai biya keke zuwa tasha, ya biya jirgi, ya sake biyan keke, zai gwammace keke guda ya kai shi ƙofar kasuwa.

Ita ma bas ba sayo ta ne aikin ba. Tana buƙatar layinta na kanta mai faɗin kusan mita 3.5, da shingen kankare, don fenti kaɗai ba ya hana kowa shiga. Tashoshi su kasance duk mita 400 zuwa 600. Idan zuwa da dawowa minti 90 ne, ana kuma son mota duk minti biyar, bas 18 za su kasance a titi, biyu ko uku na jiran ko-ta-kwana a gareji. Cunkoso ya mayar da tafiyar minti 120, sai an nemi 24 kafin a riƙe wannan tazara. Direba kuma a sa shi kan albashi, a biya kamfani bisa kilomitar da motarsa ta yi a kan lokaci, ba bisa kawunan da ta kwasa ba.

A dubi birane biyu da suka bi hanya daban. Legas da bas ta fara: ta buɗe layin Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a Maris 2008, jirginta na Marina zuwa Mile 2 bai fara ɗaukar fasinja ba sai Satumba 2023. Addis Ababa ta fara da jirgi a 2015 da jirage 41, bayan 'yan shekaru da yawansu suka kwanta a gareji suna jiran kayan gyara, waɗanda su ma da dala ake sayo su.