Binciken tarihin tsofaffin manyan motocin ɗaukar kaya

Binciken tarihin tsofaffin manyan motoci shi ne bin diddigin wata mota ko wani samfuri tun daga masana'anta, a gano shekarar da aka ƙera ta, wa ya fara sayenta, wane aiki ta yi, da abin da aka canza mata a hanya. Tarihin manyan motocin ya faro ne daga 1896 lokacin da Gottlieb Daimler ya ƙera motar kaya mai inji a Jamus, sai Ford Model TT mai ɗaukar tan ɗaya a 1917, sai na dizal da Benz ya fitar a 1923 da MAN a 1924.

Wahalar aikin ita ce babbar mota ba kamar ƙaramar mota ba ce. Sau da yawa kamfani ɗaya ne zai yi casis, wato ƙashin ƙarfen da motar ke zaune a kansa, da kai, wato inda direba ke zama, injin na wani ne daban kamar Gardner ko Cummins ko Perkins, bodin kuma wani maƙeri can ya ɗora shi yadda mai saye ya ce, sannan motar ta shiga aiki shekara talatin ana ta faman lodi, inji ya buga a sa wani, kai ya ruɓe a yanko na wata a ɗora. Shi ya sa masu bincike ba sa yarda da tambarin da ke goshin mota, kuma gaskiyarsu ne, tambari abu ne na ƙusa biyu kawai.

Abin da ake riƙewa shi ne lambar casis. Tana kan wani ɗan farantin ƙarfe a jikin ƙofa ko cikin kai, kuma yawanci an buga ta a jikin ƙarfen casis ɗin kansa, inda za ka tarar fenti da tsatsa da bushasshen giris sun binne ta, sai an sa burushin waya a hankali, a shafa alli, a haska tocila ta gefe kafin lambobin su fito. Idan ta faranti da ta ƙarfe ba su zo ɗaya ba to akwai magana. Lambar nan mai harafi da alƙaluma 17 da ake kira VIN sai a 1981 aka wajabta ta a Amurka, kafin nan kowane kamfani da nashi tsarin, don haka manhajojin duba lamba na intanet ba sa karanta na tsofaffi.

Da lambar ake zuwa wajen takardu. Gidan tarihin Mack da ke Allentown a jihar Pennsylvania yana ajiye bayanan ƙira na motocinsu, ka ba su lambar casis su fito maka da yadda motar ta bar masana'anta. Takardun kamfanin International Harvester suna cibiyar tarihi ta Wisconsin Historical Society a birnin Madison na Amurka. Akwai American Truck Historical Society da aka kafa a 1971, a Ingila kuma akwai British Commercial Vehicle Museum a garin Leyland, da mujallar Commercial Motor da ke fitowa tun 1905 wadda aka sa tsofaffin fitowarta a intanet, tallace-tallacen ciki kaɗai ma taska ne.

Wani tarko shi ne shekarar da ke kan takardar rajista, ita tana nuna ranar da aka yi wa mota lamba ne, casis kuwa yana iya yin watanni a ajiye kafin a yi masa bodi. Kamanni ma yana ruɗi, domin Mercedes mai gajeren hanci an fara ta a 1959 aka ci gaba da yin ta har 1995 kusan da fuska ɗaya, Bedford TJ ita ma daga 1958 ta daɗe ana yi.

Sai tsofaffin direbobi da kanikawa, waɗanda bai kamata a yi sakaci da su ba don kullum raguwa suke. Direba zai iya manta shekara amma ba ya manta motar da ta ci masa giya a kan tudu, ko launin da kamfaninsu ke fentawa. Ana naɗar maganarsu a gwada da hotuna da rasit, wani lokaci kuma idan aka kankare fentin ƙofa sannu-sannu sai sunan mai motar na farko ya bayyana a ƙasa.