Shigar waken suya da labarin awara Amurka a zamanin mulkin mallaka

Waken suya ya fara tsiro a ƙasar da ta zama Amurka a shekarar 1765, a Jojiya, lokacin tana ƙarƙashin Ingila. Samuel Bowen, wani ma'aikacin jirgin ruwa na kamfanin East India da ya yi shekaru a ƙasar Sin, shi ya kawo irin garin Sabana. Da yake bai gyara gona ba tukuna, sai ya ba Henry Yonge, babban jami'in awon filaye na yankin, ya shuka masa. Daga baya Bowen ya ci gaba da nomansa a gonarsa, yana haɗa baƙin romon ɗanɗano irin na Sinawa yana aikawa Ingila. A 1767 aka ba shi takardar mallakar fasahar. Da ya rasu a Landan a 1777, sana'ar ba ta daɗe a bayansa ba.

Ita awara, labarinta kawai ya ƙetare teku. Ranar 11 ga Janairu 1770, Benjamin Franklin, ɗan siyasa kuma masanin kimiyya na Amurka, ya aika wa masanin tsirrai John Bartram na Filadelfiya irin waken daga Landan, haɗe da bayanin James Flint, ɗan kasuwar da ya ji Sinanci, kan yadda ake yin cukuin wake, wato awara.

A wajen abin ɗaure madarar waken ne Franklin ya yi kuskure. Ya zaci ana zuba sinadarin tumbin ɗan maraƙi, wanda Turawa ke ɗaure madarar shanu da shi. Wannan ba ya ɗaure madarar wake, domin furotin ɗinta daban ne. Sinawa garin dutsen jifsam suke zubawa, ko ruwan ɗaci da ke saura bayan an kwashe gishiri daga ruwan teku. Masu awara a ƙasar Hausa ruwan tsami suke sawa ko na tsamiya.

Aikin awara yana son hannu. A jiƙa waken awa 8 zuwa 12, a markaɗa, a tace dusar, a tafasa madarar sosai don ta saki gafi. Ana zuba abin ɗaurewa kaɗan-kaɗan madarar na da zafi: in ya yi yawa awarar ta yi tauri da tsami, in ya gaza ruwan ya tsaya fari fat, ba ta haɗu ba. Sai ruwan ya washe, ya koma ɗorawa-ɗorawa, sannan a juye a ƙyalle a danne da dutse.