Ƙananan gine-ginen hannu na samfurin layin dogo

Ƙananan gine-ginen samfurin layin dogo su ne tashoshi, gidaje, shaguna da rumbuna da ake ƙerawa da hannu, a jera su gefen ƙaramin dogon da ɗan jirgin ƙasa mai lantarki ke bi a kan tebur. Sharaɗinsu guda ne: gini da jirgi su kasance a sikeli ɗaya, wato a rage girmansu na gaske da awo iri ɗaya.

Tarihi

Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jiragen wasa masu daidaitaccen faɗin dogo a bajekolin Laifzig a 1891. Tashoshin wancan zamani na gwangwani ne mai fenti, kuma ba a damu ƙwarai da awonsu ba. Wajen shekarun 1930 wani Bature ɗan Ingila, John Ahern, ya gina ƙauyuka na kwali kewaye da dogonsa, har gini ya sami matsayi daidai da jirgi. Aikinsa na ajiye a gidan tarihi na Pendon, wanda aka kafa a 1954. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanoni irin su Faller, da aka kafa a 1946, suka shiga sayar da gidaje, daga baya na roba da mai saye zai harhaɗa. Ginin hannu bai mutu ba, domin kamfani ba ya yin kowane irin gida.

Sikeli

A sikelin da ake kira HO, wato 1:87 (an rage girma sau 87), mita ɗaya na komawa milimita 11.5: ƙofa mai mita 2 ta zama milimita 23, mutum kuwa wajen 20. A N, 1:160, ƙofar nan milimita 12.5 ce. Z, wanda ya fito a 1972, 1:220 ne. Sikelin O ba a daidaita a kansa ba: 1:48 a Amurka, 1:43.5 a Ingila.

Ƙira

Ana zana bango huɗu a kan kwali mai kaurin milimita 1 zuwa 2. Tagogi da ƙofofi ake fara hudawa kafin a yanke bangon, in ba haka ba siririn gefen ya yage. Reza sabuwa, a bi layi sau uku ko huɗu a hankali. Kowace kusurwa a tokare ta daga ciki da tsinken ashana ko ɗan katako, a manna da farin gam na kafinta.

Kwali na lanƙwashewa idan fuska ɗaya kaɗai ta sha gam ko fenti, saboda haka a shafe duka biyun, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Gam mai kamawa nan take yana sa tagar roba ta yi hazo. Fenti mai sheƙi yana tona asirin gini, ya fito kamar kayan wasa. Idan za a sa ƙwan fitila, a baƙanta cikin bangon tukuna don kada haske ya ratso.

Ginin ƙasa irin na Hausa

Babu dogon da ya kai Maraɗi a ƙarni na 20. Dogon Najeriya ya tsaya a Kano, Ƙaura Namoda da Nguru. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Mai son ya siffanta wannan hanya dole ya gina zaure, soro da rumbu da hannunsa.

Laka zalla ba ta yi: tana tsagewa in ta bushe, tsakuwarta kuma a 1:87 ta zama dutse. Sai a tankaɗe jar ƙasa da rariya mai laushi, a kwaɓa da farin gam da ruwa kaɗan, a shafa siriri a kan kwali, bai kai milimita ɗaya ba. Kusurwoyi a goge su su yi lanƙwasa, don ginin tubali ba shi da kaifi. Totuwar karan dawa, wadda yara ke yin mota da ita, tana yankuwa da kyau a fitar da zanko. Indararo kuwa ɗan guntun ɓawon kara ya isa. Jinkar rumbu ana yinta da zaren igiya da aka warware.

Adanawa

Ƙurar hunturu da laimar damina duk suna ɓata kwali, gara da kyankyasai kuma na bin gam ɗin da aka yi da sitaci. Akwati mai murfi, nesa da zafin kwano.